Maɗacin Zinariya

Mata sun koma shiga gidan Zinariya, har da waɗanda suka rantse ba za su ƙara taka ƙofar ba. Shi ya sa yanzu nake iya ba da labarin nan ba tare da ƙirjina ya yi nauyi ba.

Zinariya ƙanwar matata ce, marigayiya Sa'adiya. Tana aure a nan unguwar Sabo ta Ibadan, a gidan Isiyaku mai albasa a kasuwar Bodija. Kamar yawancin matan unguwar, ba ta zuwa kasuwa, kasuwar ce ke zuwa ta same ta a tsakar gida. Wata na ƙuli-ƙuli, wata na turaren wuta, ita kuwa maɗaci take sayarwa: ɓawon itacen, a shanya, a daka, a jiƙa a sha don zazzaɓi da ciwon ciki da shawara. Yayansu Haladu ke aiko mata da shi daga wajen Gumel, a cikin motocin kaya masu sauka a Ojoo.

Akwai itacen maɗaci a Ibadan, jere a bakin wasu tituna. Amma matan Sabo, waɗanda rabinsu a nan aka haife su kuma ba su taɓa wuce Ilori ba, sun yi imani na Kudu ba magani ba ne. Wai ya sha ruwa ya yi sanyi. Na Arewa, wanda ya sha rana ya sha ƙishi, shi ne mai ƙarfi. Ban taɓa ganin littafin da ya tabbatar da haka ba, ban kuma ga wanda ya ƙaryata ba. Abin da na sani shi ne, duk sana'ar Zinariya a kan magana ɗaya take tsaye: daga gida aka kawo shi.

A shekarar casa'in da huɗu man fetur ya ɓace, motocin Arewa suka daina saukowa na tsawon lokaci. Kuka ta yi wuya, daddawa ta yi wuya, Isiyaku ya zauna yana gadin rumfa babu albasa. Amma kwanon Zinariya bai taɓa raguwa ba. A daidai lokacin kuma aka wayi gari wani ya ɓare ɓawon itatuwan maɗacin da ke bayan unguwar Mokola, ya bar su tsirara har iya tsayin mutum.

A shekarar ce kuma Sa'adiya ta rasu. Hanta ce. Tana shan ƙwayoyin asibiti, tana kuma shan maɗacin ƙanwarta kowace safiya, tana yamutsa fuska tana ce mini kada in yi mata dariya.

Goggo Nana, ungozomar da ta yanke cibiyar rabin unguwar, ita ta haɗa abubuwan nan wuri ɗaya, a gidan suna, a gaban mata cike da ɗaki. Ta ce mota ba ta zuwa, kaya ba ya ƙarewa, itatuwan Mokola kuma ga su nan kowa na gani. Sai ta ƙara da addu'a, domin ita Goggo Nana da addu'a take yanka mutum. Ta ce, "Allah ya jiƙan Sa'adiya. Da ma na gaske aka ba ta."

Daga ranar ciniki ya mutu. Zinariya ta ce tun kafin man ya ɓace Haladu ya aiko mata da buhuna da yawa, don zai tafi aikin Hajji. Ta nuna buhunan. Buhu ba ya magana, ɓawo kuma kamanninsa ɗaya ko'ina. Aka ce a tambayi Haladu, aka kuma ce ai yayanta ne, me zai faɗa? Ta rantse, suka ce Allah ya sa gaskiya ce, suka koma saye a hannun wani mai baza kaya a Ojoo.

Tsakanin miji da ƙanwar matarsa akwai wasa, kowa ya sani. Shekara da shekaru Zinariya ba ta ganina ba ta ce, "Ga mai tabarau ya zo, a ɓoye jarida kada ya cinye." Bayan maganar Goggo Nana sai ta koma gaishe ni da durƙuso, ido a ƙasa, kamar na zo karɓar haraji. Ni likita ya gaya mini tun da wuri cewa ciwon ya wuce magani, na asibiti da na gida. Na sani. Amma akwai gwangwanin madarar da Sa'adiya ke zuba maɗacinta a ciki, yana nan kan taga da sauran gari a gindinsa, kuma duk safiya sai idona ya sauka a kansa in ji maganar tsohuwar nan.

Ana haka Anwar ya zo mini ta'aziyya, a makare, domin yana ƙasar waje yana kwas lokacin rasuwar. Ɗalibina ne tun ina koyarwa a firamare. Haifaffen Sabo ne, irin waɗanda ke fara zance da Hausa, su bi ta Yarbanci, su fita ta Turanci. Yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata cibiyar binciken noma can gaba da Ojoo. Bayan an yi addu'a an shafa, na tambaye shi me yake yi takamaimai da ake biyansa albashi.

Ya ce, "Awo, Malam. Muna auna abin da tsiro ya ci."

"Ka je har Turai don ka koyi leƙen kwanon wake?"

Ya yi dariya ya gyara zama. Ya ce sinadaran da ke cikin iska da ƙasa da ruwa, kowanne yana da tagwaye, kamanni ɗaya, aiki ɗaya, sai dai ɗaya ya ɗan fi ɗaya nauyi. Su aisotof suke ce musu. Tsiro na shaƙar iska ta wasu 'yan ƙofofi a ganyensa. Inda ruwa ya wadata, ƙofofin a buɗe suke, sai ya zaɓi marar nauyin ya bar mai nauyin. A ƙasar fari kuwa dole ya tsuke ƙofofin kada ruwan jikinsa ya tsere, sai ya haɗiye duk abin da ya samu shiga.

Na ce, "Wato ko a cikin itatuwa mai wadata ne ke zaɓen abinci."

"Haka ne, Malam. Ƙasar ma tana barin tata alamar. Kuma abin yana zama a jikin itacen, ko an sare shi, ko ya bushe. Akwai na'urar da ke ƙona ɗan kaɗan ta auna."

Na kai ido kan taga. Sannan na ce, "Ko ɓawo ne?"

Ya bi idona ya ga gwangwanin. A unguwar ya tashi, mahaifiyarsa na cikin matan da ke gidan sunan nan, ba sai na yi masa bayani ba. Ya ce na'urar ba a Ibadan take ba, suna tara samfurinsu ne su aika Turai lokaci-lokaci. Zai roƙi ogansa a saka namu a ciki. Sai dai dole a samu abin da za a gwada da shi: zai yanko ɓawo daga itatuwan Ibadan da hannunsa, abokan aikinsa masu zuwa Kano kuma su yanko daga itatuwan can gefen Jigawa.

Ya ce, "Amma Malam, in ta fito ba yadda ake so ba fa? Na'ura ba ta san kunya ba o."

Na ce, "Ita kaɗai ke nan a garin nan. A aika."

Na je gidan Isiyaku na yi musu bayani shi da matarsa. Na ce za a kai maganinta Turai a duba, a faɗi inda itacen ya tsiro. Isiyaku ya ce in dai ba zai jawo 'yan sanda ba, a yi. Zinariya ta ce, "To, Malam," ta shiga ɗaki. Washegari ta aiko da garin a cikin sabuwar roba mai murfi, an naɗe da farin ƙyalle kamar kayan lefe. Na miƙa wa Anwar yadda aka kawo.

Damina ta wuce kafin amsa ta zo. Anwar ya same ni da la'asar a kan bencin ƙofar gida. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, har da tambayar ƙafata da ba ta taɓa ciwo ba, na gane labarin ba mai daɗi ba ne.

Ya ɗauki tsinke ya ja layi a ƙasa. Ya ɗiga a gefe ɗaya ya ce nan itatuwan Ibadan suka taru. Ya matsa kaɗan, kamar faɗin tafin hannu, ya ce nan na Arewa suka taru.

"Nata fa?"

Ya miƙa hannu can nesa, kusa da bakin kwata, ya ɗiga.

"Wace ƙasa ce nan?"

"Ba ƙasa ba ce, Malam. Babu itacen da ke zama a nan. Wannan gefen na dangin ciyawa ne: masara, gero, dawa, rake. Su nasu tsarin shaƙar iskar daban ne, ba a rikita su da itace. Abin da Anti ta bayar, akwai maɗaci a ciki, amma an haɗa shi da wani abu, kuma ba kaɗan ba."

Na zauna ina kallon ɗigon. Goggo Nana ta zarge ta da sayar da maɗacin Kudu. Ni da iyawata na tura har Turai aka gano abin da ya fi haka muni, wai garin hatsi take cusawa a ciki tana sayar wa marasa lafiya. Anwar ya ce ba wanda ya sani sai shi da ni, in na so a bar maganar a nan. Na ce ya ba ni sandata.

Isiyaku na kasuwa. Na yi sallama, ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, ta durƙusa can gefe kusa da turmi. Anwar ya tsaya daga zaure inda yake jinmu.

Na ce, "Zinariya, tambaya ɗaya zan yi miki, kuma don Allah kada ki rantse, na gaji da rantsuwa. Garin nan da kika ba ni, me kika sa a ciki?"

"Wanda aka kai wa Turawa?"

"Shi."

"Mazarƙwaila mana."

Ta faɗe shi kamar na tambaye ta ko da gishiri ake miya.

"Mazarƙwaila," na ce.

"To, Malam, ba kai ka ce Turai za a kai ba? Mutanen da ko barkono aka ce ba sa iya ci? In aika musu maɗaci gayansa su kurɓa su tofar, su ce 'yan Sabo ba su san baƙo ba? Ko Bayarabiya ce ta zo saye karon farko sai na ɗan daka mata da ita, har bakinta ya saba. Balle waɗannan da za su yi mini shaida. Mai kyau ma na sa aka nemo, 'yar Zariya."

Daga zaure na ji Anwar ya yi wani sauti kamar an shaƙe akuya.

Na ce, "Ba sha suka yi ba. Ƙonawa suka yi."

Ta ɗago kai, karon farko cikin watanni ta dube ni ido cikin ido. "Ƙonawa? Maganin nawa? A sabuwar robar?"

"Haka na'urar ke aiki."

"Wane irin mutum ne za a aika wa magani ya cinna masa wuta? Kai Anwar, shigo nan! Abin da aka tura ka ka koyo ke nan?"

Anwar ya shigo yana share hawaye. "Anti, rake ne. Mazarƙwaila rake ce. Shi na'urar ta gani, wallahi ta yi aikinta daidai."

"Ta yi aikinta daidai, ta ce ni maƙaryaciya ce?"

"Ta ce kina da kirki fiye da kima, abi Malam?"

Ni dai na sa ta kawo kwanon da take sayarwa daga ciki. Na dangwala yatsa na lasa. Ɗacin ya bi ta haƙorana ya fita ta kunnuwa. Anwar ya zaro sauran garin robar daga jakarsa, na lasa shi ma. Alewa ce mai ɗan fushi. Da ni ko shi ɗayanmu ya yi tunanin sa harshe tun farko, da an huta, amma mu masu ilimi ne, jirgin sama muka sa shi.

A nan dariya ta kama ni. Rabona da ita tun kafin mu kai Sa'adiya makwancinta, har na manta tana sa ciwon haƙarƙari. Zinariya ta tsaya tana kallona, ba ta san ko ta yi fushi ko ta yi kuka ba, sai ta yi duka biyun.

Da ta lafa na ce ta buɗe ɗakin ajiyar. Buhunan na nan yadda suke, tunda ba mai saye. Na zura hannu da kaina har gindin buhu na zaro ɓawo guda-guda, ba dakakke ba, na ba Anwar. Ta ce ko a ɗan wanke shi, ya yi ƙura. Muka ce a'a, baki ɗaya. Ta ce ko a naɗe a ƙyalle. Anwar ya ce ko kallonsa kada ta ƙara yi.

Da muka dawo gida na ɗauko gwangwanin madarar daga kan taga. Na juye rabin abin da ya rage a takarda na ba shi. Na ce wannan ma a auna, kuma kada Zinariya ta ji. Ya karɓa da hannu biyu.

Jira na biyu ya fi na farko sauƙi, ban san dalili ba. Wataƙila don na riga na ga mafi munin abin da za a iya faɗa, kuma ya zama rake.

Wannan karon Anwar bai tambayi ƙafata ba. Tun daga bakin layi yake ɗaga hannu. Ya ja layinsa a ƙasa, ya ɗiga na Ibadan, ya ɗiga na Arewa, sannan ya sa tsinken a tsakiyar na Arewa ya danna.

"Na buhu ke nan."

"Ɗayan fa?"

Ya ɗaga tsinken ya mayar da shi kusa da ramin farko, har suna taɓa juna.

Ya ce, "Kada in yi maka ƙari, Malam. Ba zan ce Gumel ba, na'ura ba ta san Gumel ba. Amma ta fuska biyu aka auna, ta iska da ta ƙasa, duka sun nuna abu ɗaya. Itacen nan bai girma inda ake ruwa irin na Ibadan ba. Ya sha ƙishi."

Na ce ya tafi ya gaya wa uwarsa, ita ta fi rediyo. Da ya tafi na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Maganin bai warkar da Sa'adiya ba, kamar yadda na asibiti bai warkar da ita ba. Amma abin da ƙanwarta ta ce tana ba ta, shi take ba ta. Duk safiyar da ta yamutsa fuska, a kan gaskiya ta yamutsa. Ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da aka sauke.

Zan so in ce bayanin Anwar ne ya shawo kan matan Sabo. Ba shi ba ne. Ba wadda ta damu da ƙofofin ganye. Abin da ya zagaye unguwar kafin magariba shi ne Zinariya ta aika wa Turawa maɗaci da mazarƙwaila, Turawa kuma sun gane, har sun faɗi rake ne. A gidajen biki aka riƙa kwaikwayon muryarta: "In aika musu gayansa su tofar?" Suka yanke cewa na'urar da ta kama mazarƙwaila daga Turai ba za ta ɓata hanyar Arewa ba, kuma macen da ke tausayin harshen Bature ba za ta cuci yayarta ba. Hujjar ba irin ta littafi ba ce, amma ta kai su inda ya kamata.

Goggo Nana da kanta ta je, da rana tsaka, don kowa ya gani. Ba ta ba da haƙuri ba, kuma ba wanda ya sa ran haka. Ta lasa garin ta ce ita da ma tun farko ta san ɗacin nan ba na Kudu ba ne, mutane ne ba sa fahimtar magana. Ta saya, ta kuma nemi gyara. Waɗanda suka ɓare itatuwan Mokola kuwa har yau ba a san su ba. Ina zaton masu dafa agbo ne, maganin gargajiyar Yarbawa, waɗanda ba su taɓa cewa nasu daga wani wuri ya zo ba, kuma masu shan nasu suna warkewa suna mutuwa daidai da masu shan namu.

Ran Juma'ar da ta biyo na bi ta gidan bayan masallaci. Takalman mata sun cika bakin ƙofa, sai da na jira a zaure. Da suka ragu na yi sallama. Zinariya na kan kujera 'yar tsugune, kwano a gabanta, tana ƙulla gari a leda. Ba ta durƙusa ba. Ta dube ni daga hula har takalmi.

"A ɓoye jarida," ta ce wa matar da ke kusa da ita, "mai tabarau ya zo."

Na zaro gwangwanin madarar daga aljihu. Na wanke shi da safen ranar. Ta gane shi, hannunta ya tsaya a kan ledar na ɗan lokaci. Sannan ta karɓa ta cika shi har baki, ta danna da babban yatsa ta ƙara.

Na ce, "Ba a sa mini mazarƙwaila?"

"Kai? Kai da ka fi shi ɗaci? Sai dai in sa wa maɗacin, don ya iya jure ka."

Matan suka kwashe da dariya. Na rufe gwangwanin na sa a aljihu. Yana nan kan taga inda yake a da, kuma ina sha duk safiya, ko da ba abin da ke damuna.